Funfuna a Bangon Umma

Litinin, 2 ga Yuni

Mun tare. Ni da ƴata Aku da keken ɗinkina, a gidan Umma, hawa na biyu. Ɗaki ɗaya da falo, kamar yadda ta bar shi wata biyar da suka wuce. Baban Aku ya kira daga wurin aikinsa, wai yaya gidan? Na ce lafiya. Me zan ce masa, mutum yana can nesa sai ƙarshen shekara?

Da na buɗe ɗakin kwana wari ya mare ni, irin na rigar da aka manta a bokiti. Bangon da ke fuskantar ƙofa ya yi funfuna, baƙi ƙirin daga ƙasa har ƙuguna. Yaya da ke riƙe da makulli bai taɓa buɗe taga ba tun rasuwar. Shi ke nan, ya rufe ya tafi, sai ka ce kabari.

Aku shekararta shida, kuma tana da asma. Ba za ta kwana da wannan ba. Yau a falo za mu shimfiɗa katifa.

Talata, 3 ga Yuni

Yaya ya zo da galan ɗin bilic, irin wanda ake fidda tabo a farin kaya. "Ki kwarara masa kawai, minti goma ya mutu." Komai na Yaya a kwarara ne.

Yana fita sai ga Nas, maƙwabciyarmu ta ƙofar da ke kallon tamu, ma'aikaciyar jinyar da ta riƙa duba Umma. Ta ga galan ta riƙe haɓa. Wai da yarinya mai asma a gida? Ta koma ta kawo mini kwalbar ruwan nan da ake jiƙa fidar shan madarar jarirai don kashe ƙwayoyin cuta. Ta ce asalinsu ɗaya da bilic, uwa ɗaya uba ɗaya, shi dai wannan ba shi da ƙarfi sosai, warinsa da sauƙi. Murfi huɗu a ƙaramin bokiti, in goge da soso, in bar taga a buɗe. Kada in kuskura in gauraya ko ɗaya da wani abin wanki.

Kowa da nasa. Ni tela ce, ban yarda da maganar baki ba sai na auna. Gobe zan raba bangon biyu.

Laraba, 4 ga Yuni

Na kai Aku makaranta, na dawo na ja layi da allin ɗinki a tsakiyar bango. Hagu na Yaya, dama na Nas. Safar hannu, tsohon ɗankwali a hanci.

Bilic ba ya wasa. Ina gogewa baƙin yana gudu, amma har shuɗin fentin ya tafi da shi, wurin ya koma fari fat kamar kurajen da suka warke. Idona ya yi ta ruwa. Ɓangaren Nas ya fi cin lokaci, sai da na bi shi sau uku, kuma ya bar wata inuwa-inuwa. Amma fenti yana nan.

Aku ta dawo, tun daga bakin ƙofa ta fara tari saboda warin. Na tura ta wurin Nas har yamma. Yaya ya ci gasar fari, Nas ta ci ta numfashi.

Asabar, 7 ga Yuni

Mun koma ɗakin. Gado a jikin taga, nesa da bangon.

Talata, 10 ga Yuni

Tsugune ba ta ƙare ba. Ɗigo-ɗigo sun fara fitowa a ɓangaren dama. Hagu yana nan fari. Na sake haɗa murfi huɗu na goge.

Aku ta tsaya tana kallona. Wannan yarinya da ba ta iya yin shiru ko tana cin abinci, shi ya sa Umma ta sa mata Aku, yau ta yi tsit. Can ta ce, "Mama, a hankali, kina goge mata kunne."

Na ce kunnen wa? Ta yi dariya ta fita.

Juma'a, 13 ga Yuni

Baƙin ya dawo, kuma ba yadda yake da ba. Da can ko'ina ne. Yanzu ya tattaru wuri ɗaya, daidai jikin layin allina. Sama ya yi zagaye, ƙasa ya faɗaɗa ya gangara. Na daɗe a tsaye da soso a hannu. Rana tsaka ce, ana jin yara suna ƙwallo a ƙasa, amma tsigar jikina ta tashi.

Rabin kai ne da kafaɗa ɗaya. Na mutum a zaune a ƙasa, ya jingina.

Ban goge ba yau. Ina da ɗinkin da za a karɓa gobe.

Asabar, 14 ga Yuni

Na kira Nas ta gani. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce ai nan ne wurin zaman Umma, shekara guda cur, kan tabarma, kanta a bango. Man gashi da gumi sun shige cikin fenti, funfuna kuma abinci take nema, inda maiƙo yake nan take kamawa. "Ba aljani ba ne, ƙawata, man kitso ne."

Na ji sanyi a raina, wallahi. Har na yi dariya.

Sai na yi tambayar da bai kamata in yi ba. Me ya sa nan, ga gado, ga kujera a falo?

Ta ce, "Daga nan, in ƙofofin biyu suna buɗe, ana hango matakala."

Sai ta koma zancen bango. Ta ce in ci gaba da murfi huɗu, kuma a nemo mai gyaran famfo, domin bangon nan akwai ruwa a cikinsa, in ba a tsayar da shi ba aikin banza nake yi. Na ce to.

Litinin, 16 ga Yuni

Zan rubuta, tunda ba mai karantawa.

Shekarar ƙarshe sau nawa na zo? Shida. Na ƙirga. Mota ɗaya ce tsakaninmu, ko canji babu. Kullum in ta kira sai in ce aiki ya yi yawa, Umma, gobe in Allah ya yarda. Ita kuma ta ce, "Ba komai, yi aikinki, ƴar nan." Ta ba ni yadi mai ruwan toka in ɗinka mata doguwar riga, na yanka, na haɗa gaba da baya, ban sa wa rigar hannu ba. Yana nan a ƙasan buhun ƙyalle. Ranar da ta rasu ma gobe na ce mata.

Yau na ɗauko tef ɗin awo. Ban san me ya kai ni ba. Daga tsakiyar wuya, wato layin alli, zuwa ƙarshen kafaɗa: inci bakwai da rabi. A ninka, sha biyar. Kafaɗar Umma sha biyar ce. Shekara ashirin ina yi mata ɗinki, ko a mafarki aka tambaye ni zan faɗa.

To mene ne abin mamaki? Ai ita ta jingina. Haka na gaya wa kaina. Duk da haka sai da na zauna a bakin gado.

Na goge da murfi uku. Kwalbar ta yi ƙasa, gara a yi tattali.

Laraba, 18 ga Yuni

Aku tana gaishe da bango. "Ina kwana, Kaka." Na daka mata tsawa har ta firgita. Daga baya na ji kunya, na saya mata alawa.

Ta yi tari da safe, sau biyu na ba ta abin shaƙa.

Lahadi, 22 ga Yuni

Yaya ya zo. Ya leƙa ya ce, "Kin gani? Inda na ce ki zuba, ga shi fes. Ki gama da ɗaya ɓangaren mana." Har ya ɗauki galan. Na fizge. Na ce ƙirjin yarinya, kana so ka kashe mini ita? Ya ce to a fitar da ita na yini ɗaya mana, ina wahala a nan? Na ce gidan nan ni ke cikinsa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya dube ni ya ce, "Ke dai tun kina ƙarama ba a gaya miki."

Bai ga komai a bangon ba. Datti kawai ya gani. Shi da ma ya riƙa zuwa duk Juma'a, me zai gani?

Ya ce zai turo mai gyaran famfo. Na ce ina da nawa. Ba ni da kowa.

Laraba, 25 ga Yuni

Murfi biyu. Ya isa ai, tunda kullum nake gogewa.

Abin da na lura: in na goge da sassauci, baƙin ba ya tafiya, sai dai ya yi laushi, gefe-gefen ya daidaita. Kamar in na bi ɗinki da dutsen guga.

Asabar, 28 ga Yuni

Baƙin ya tsallaka layin. Ɓangaren bilic ma ya fara, kan farin nan, ɗigo-ɗigo, kuma ba a warwatse ba. Ɗaya kafaɗar ce take fitowa. Ashe bilic ɗin ma fuska kawai ya wanke, saiwar tana ciki.

Na auna. Sha biyar cif.

Ya kamata in ji tsoro, kuma ina ji. In ina ɗinki a falo da rana, bayana yana ba ni cewa akwai mutum a ɗakin. Ba motsi, ba komai. Irin shirun wanda yake zaune yana jira kada ya dame ka. Sau biyu na tsayar da keke na ce, "Na'am?"

Amma ban rufe ƙofar ɗakin ba. Ta falon ma a buɗe nake barin ta yanzu, wai don iska.

Talata, 1 ga Yuli

Malamar su Aku ta ce tana barci a aji, kuma ba ta shiga wasa. Na ce sanyin damina ne.

Baban Aku ya ce ya ji muryarta wani iri a waya. Ya tambayi bango. Na ce ana kai.

Murfi ɗaya.

Alhamis, 3 ga Yuli

Na kai keke ɗakin kwana, ya fi haske. Na zaro rigar toka daga buhu, na haɗa mata hannu ɗaya. Ina ɗinki ina ba da labari, wai Aku nake ba, alhali tana makaranta. Na faɗi yadda mai gidan hayarmu na da ya sayar da gidan, da matar da ta kawo yadi uku kacal tana son riga da zani da ɗankwali har da ragowa. Umma tana son irin wannan labarin, takan yi dariya har ta share hawaye.

Kan da ke bango ya ɗan karkata. Da yana kallon ƙofa sak. Yanzu kamar ya juyo wajen keke. Wataƙila hasken taga ne. Ɗakin yana warin man gashinta, ko kuwa hancina ne.

Aku ta dawo ta ce, "Kaka ta daina kallon waje." Ban yi mata tsawa ba. Ta faɗe shi a rarrabe, tana jan numfashi tsakanin kalma da kalma, kuma na ji, na ji sarai, na ce ta je ta kwanta ta huta.

A ɗakin.

Juma'a, 4 ga Yuli

Nas ta shigo aron almakashi ta same ni durƙushe da soso. Ta dubi bango, ta dube ni. Ta sunkuya ta sansana bokitin. Ta tsoma yatsa ta sake sansanawa.

"Murfi nawa kika sa?"

Na ce kwalbar ta kusa ƙarewa. Ta ɗauko ta a kan taga ta girgiza. Fiye da rabi.

"Wannan ruwan famfo ne zalla. Ke ba kashe ta kike yi ba, ban-ruwa kike yi mata."

Na ce ta fita mini a ɗaki. Ni, na ce wa matar da ta wanke uwata ta juya ta a kan gado lokacin da nake can ina gobe-gobe. Ta ajiye kwalbar a hankali. A bakin ƙofa ta ce, "Na ji tarin yarinyar nan ta cikin bango. Wadda ta tafi ta tafi. Wannan tana nan."

Na yi kuka don haushi. Kwana uku ke nan ban sa ko ɗigo ba. Ni da kwatan inci ba ya kuɓuce mini, zan ce kuskure ne?

Litinin, 7 ga Yuli

Asibiti.

Laraba, 9 ga Yuli

Yanzu zan iya rubutawa. Ranar Litinin da safe ina ɗaura wa Aku takalmi na ga ba ta magana. Leɓenta ya canza launi, ramin wuyanta yana shiga yana fita. Abin shaƙa bai yi komai ba. Na buga ƙofar Nas da ƙafa. Ba ta ce mini uffan ba a kan ranar Juma'a, ta saɓa yarinya a kafaɗa muka sauka.

An sa mata abin numfashi a fuska. Likita ya tambaya ko akwai danshi ko funfuna inda take kwana. Nas tana tsaye a gefena, ta kalli ƙasa. Na ce akwai. Ya ce tun yaushe? Na ce wata guda. Ya ce an yi wani abu a kai?

Ya ce kada ta koma ɗakin sai an gyara.

Jiya da ta samu sauƙi ta cire abin fuskar ta ce, "Mama, wa ke zaune da Kaka?" Na ce Kaka ba ta buƙatar kowa yanzu, tana wurin da ya fi nan. Ta ce, "To me ya sa kike yi mata wanka?"

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan makon ba. Ba tsoron bango ba. Tsoron kaina.

Alhamis, 10 ga Yuli

Na kira Yaya na ce ya turo mutuminsa. Bai ce ai na gaya miki ba. Na so ya ce, in samu wanda zan yi wa faɗa.

An sallami Aku, tana wurin Nas.

Asabar, 12 ga Yuli

Mai gyaran famfo ya zo, dattijo mai furfura, ba ya son surutu. Ya ƙwanƙwasa bango da ƙotar guduma, nan, nan, nan. Ya ce bututun banɗakin sama ne ya bi ta ciki, yana tsiyaya. Sai an fasa. Na ce a ina? Ya ɗora tafin hannunsa daidai tsakiyar ƙirjin siffar.

Ya ce, "Hajiya, ba bilic ba, ko me za ki zuba, in ruwa yana bayansa funfunar dawowa za ta yi. Filastar nan duk ta sha, sai an kankare ta."

Na ce ya ba ni minti goma. Ya fita ya tsaya a matakala.

Na rufe ƙofa. Na durƙusa. Na yi niyyar faɗin abubuwa da yawa, tun jiya nake shirya su. Abin da ya fito kawai, "Umma, na zo." Sai na ji wautar kaina, mace mai shekara talatin da takwas tana gaishe da datti. Sai kuma na sake faɗa. Na ce ta yafe mini, yarinyar ba ta iya numfashi. Na san abin da za ta ce, ai kullum shi take cewa. Ba komai, yi aikinki.

Na buɗe taga, na sa safar hannu, na ɗauko galan ɗin Yaya. Ban so guduma ta same ta a haka. Da hannuna na yi, daga kai zuwa kafaɗa. Ko minti biyar bai kai ba.

Dattijon ya shigo ya ga bango fari, ya ga idona. Ya ce bilic akwai yaji. Na ce ƙwarai.

Ramin da ke jikin bututun bai fi kan allura ba. Ya nuna mini. Ya ce ya fi shekara yana zuba. Wato tana nan zaune ruwan yana bin bayanta, ba ta gaya wa kowa ba.

Talata, 15 ga Yuli

An kankare, an yi sabuwar filasta. Sai ta bushe a yi fenti. Na wanke ƙasa da ƙafafun gado da ruwan Nas, murfi huɗu, na ƙirga da ƙarfi. Na kai mata ragowar kwalbar da almakashin da ta zo aro. Ta ce in bar kwalbar, damina da saura. Muka sha shayi, ba wadda ta tayar da zance.

Laraba, 23 ga Yuli

Fenti ya bushe, wari ya fita. Aku ta koma ɗaki tun Lahadi, ba tari. Ta shiga ta dubi bangon ta ce, "Ta tafi," ta hau gado tana ba ƴar tsanarta labari. Shi ke nan a wurinta.

Alhamis, 24 ga Yuli

Na gama rigar toka. Ban san wa zan ba ba, kuma yadin mai kyau ne, asara ce a ajiye. Na gwada. Kafaɗata sha shida ce tun ina budurwa, na ɗauka za ta matse ni. Ta zauna. Na rame ne a makonnin nan, ba wani abu ba.

Keke ya koma falo. Da rana bayana yana ciwo, sai na shimfiɗa tabarma a ɗaki na ɗan zauna ina ɗinkin maɓalli. Wurin ya fi ko'ina iska in ƙofofin suna buɗe, shi ya sa. Na sa ɗankwali tsakanin kaina da bango, kada in ɓata fenti.

Gaskiyar Nas ce, ana hango matakala. Ana ganin kan mutum tun saura masa taki bakwai ya ƙarasa hawowa. Mai kawo ruwa ya wuce, matar hawa na uku ta wuce da cefane, duk wanda ya taho sai zuciya ta ɗaga, sai kuma ta koma. Minti arba'in kawai na yi. Ita shekara.

Ƙarfe biyu saura na ji muryar Aku tun daga ƙasa, tana ba ƴar Nas, da suke makaranta ɗaya, labarin wani da ya faɗi a filin makaranta. Da gudu ta hawo, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba, bakin nan bai rufe ba. Ta kawo bakin ƙofar falo ta hango ni, ta yi turus da jaka a hannu.

Na ce, "Ni ce. Shigo."

Gobe ma nan zan jira ta.